MAI ALLURAR CIWON SUKARI YANA IYA RAGE ƘIBA?

Akwai wata damuwa da masu ciwon sukari sukan kawo wa ma'aikatan lafiya a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo. Tun da aka sa mutum a kan allurar insulin yake ta ƙiba, likita kuwa ya ce masa ya rage jiki. In ya rage abinci sai jiri ya kama shi. In ya ci ya ƙoshi sai teɓa ta ƙaru. Waɗansu sukan gaji su yar da allurar, waɗansu kuma su yar da maganar likita. Duka biyun hanyar hasara ce.

Amsarmu ita ce, i, mai allura yana iya rage ƙiba. Amma abinci da aiki da allura kamar duwatsun murhu uku ne. In aka janye ɗaya ba a gyara sauran ba, tukunya za ta kife. Bari mu bi maganar daki-daki.

CIWON YA ISO ƘAUYE

Dā mukan ce ciwon sukari na attajiran birni ne. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun auna jinin mutane a ƙasar Sakkwato. A rahotonsu na 2011 sun sami ciwon a jikin kusan mutum 5 cikin 100 na Fulanin da ke zaune a birni. A rahoton 2013 kuwa, cikin Fulanin karkara, bai kai mutum 1 cikin 100 ba. Jini ɗaya, ƙasa ɗaya, sai dai ci da zama sun bambanta.

To, zaman birni yana ta shigowa ƙauyukanmu. Tafiyar da kakanninmu suka yi da ƙafa ko bisa jaki zuwa kasuwa, yau a kan babur ake yinta. Inji ya karɓi aikin turmi da dutsen niƙa. Lemon kwalba da taliya da burodi suna kowane shago. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama a 1984 a kan Gulbin Rima, ta ƙarfafa noman rani, shinkafa ta yawaita a akushi. Wannan albarka ce, mun gode. Amma jikin da ya rage wahala bai rage ci ba, ƙiba ce rabonsa.

MENE NE INSULIN?

Tuwo da fura da dankali da rogo, duk sa'ad da suka shiga ciki sukan narke su zama sukari, su shiga jini. A bayan tumbi akwai wata 'yar tsoka doguwa, likitoci suna ce mata fankiriyas. Ita ce take fitar da wani ruwa mai suna insulin. Aikinsa kamar na mai kwasar amfanin gona ne. Shi ke ɗauke sukari daga jini ya kai wa tsokoki su yi aiki da shi. Abin da ya ragu kuma ya zuba a rumbu. Rumbun jiki kuwa shi ne hanta da kitse.

Manyan nau'in ciwon sukari biyu ne. A nau'i na ɗaya, jiki ya daina yin insulin ɗungum. Ya fi kama yara da matasa, kuma ba su da rai sai da allura, kowace rana, har iyakar rayuwa. A nau'i na biyu, jiki yana yin insulin amma bai isa ba, ko kuwa jikin ya ƙi jinsa. Ya fi kama manya, musamman masu teɓa. Akan fara musu da ƙwaya, bayan shekaru waɗansu sukan bukaci allura.

Kafin 1921 yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya. A wannan shekara ce Frederick Banting da Charles Best suka tatso insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada. A watan Janairu 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar, ya farfaɗo. Mun faɗi wannan domin kada kowa ya ɗauki allurar abokiyar gaba. Ita ce ta riƙe ran miliyoyin mutane.

ME YA SA ALLURA TAKE KAWO ƘIBA?

Dalilai uku ne.

Na ɗaya, kafin a fara allura sukari yakan yi yawa a jini har ƙoda ta kasa riƙe shi, ya bi fitsari ya zube. Shi ya sa tururuwa take taruwa inda mai ciwon ya yi fitsari, shi ya sa kuma yake ramewa ko da yana ci sosai. Buhu ne mai huji. Allura ta ɗinke hujin, abin da dā yake zubewa yanzu yana zama a jiki. Kilo biyu ko uku na farko alamar samun sauƙi ce.

Na biyu, tsoro. Wanda sukarinsa ya taɓa faɗuwa, ya ji karkarwa da gumi, ba ya so ya sake ji. Sai ya riƙa ci ba da yunwa ba, don dai kada abin ya komo.

Na uku, allurar da ta fi bukata yawa tana kawo yunwa. Mutum ya ci da yawa, sukari ya hau, a ƙara masa allura, ya ƙara ƙiba. Kitsen ciki kuwa yana hana jiki jin insulin, sai a sake ƙara allura. Haka abin yake ta zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke.

A wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka bayyana a 1998, masu allura sun ɗara waɗanda ake bi da su da gyaran abinci da kimanin kilo 4 cikin shekara 10. Saboda haka ƙibar ba laifin mai ciwo kaɗai ba ce, ba kuma abin kunya ba ce. Amma tana da magani.

WA YA KAMATA YA RAGE JIKI?

Ba kowa ba. Ga gwaji mai sauƙi wanda ba ya bukatar sikeli. A sami igiya, a auna tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a yanke. A ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita wajen cibiya. In bakin igiya ya haɗu, ba laifi. In ya kasa haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa. Da tef ɗin tela kuwa, namijin da ya kai santimita 94 da macen da ta kai 80 su fara lura.

Waɗannan kuwa kada su rage abinci don neman rama: yara masu tasowa, mace mai ciki ko mai shayarwa, tsoho mai rauni, mai tarin fuka, da wanda dā ma siriri ne. A karkararmu masu allura da yawa ramammu ne, abin da suke bukata shi ne ƙarin abinci mai gina jiki. Wanda kuma yake ramewa haka kawai, ga ƙishirwa ga yawan fitsari, ba nasara ya yi ba. Sukarinsa ne ya hau, ya hanzarta zuwa asibiti.

HANYOYI BIYU MASU HALAKARWA

Ta farko ita ce rage allura ko barinta don a rame. Gaskiya ne mutum zai rame, gama buhun ya sake hujewa. Amma sukarin da ya hau yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye. Ga mai nau'i na ɗaya abin ya fi gaggawa. Cikin kwana ɗaya ko biyu jini yakan yi tsami, sai amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi, sai suma. In ba a kai shi asibiti ba, mutuwa ce.

Ta biyu ita ce yin allura yadda aka saba, sa'an nan a tsallake abinci. Da yawa cikinmu ana ba su insulin mai gauraye, mai kamar ruwan nono, safe da yamma. Ɓangare guda nasa yana fara aiki bayan rabin sa'a, ɗayan kuwa sai bayan sa'o'i huɗu zuwa takwas yake kai ƙarfinsa. Watau allurar safe tana jiran abincin rana, ta yamma kuma tana aiki da tsakar dare. Ba ta san an bar abinci ba. Za ta kwashe ɗan sukarin da ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta rasa abincinta, mutum ya faɗi.

Hanya madaidaiciya ita ce a rage abinci kaɗan, a auna jini, likita ya rage allura kaɗan. Sa'an nan a sake. Saboda haka kafin a taɓa akushi, sai a fara zuwa wurin ma'aikacin lafiya a gaya masa niyya.

KILO NAWA, KUMA CIKIN WATA NAWA?

Ba a ce mutum ya koma kamar sanda ba. In ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, jiki yakan fara jin insulin, hawan jini yakan sauka, gwiwoyi su huta. Mai kilo 90 ya nufi rage kilo 5 zuwa 9 cikin wata shida. Rabin kilo a mako ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Waɗansu sun ji labarin cewa rage nauyi yana kwantar da ciwon gaba ɗaya. Akwai gaskiya a ciki. A wani gwaji a Birtaniya da aka bayyana a 2017, kusan rabin masu nau'i na biyu da suka bi tsarin rage nauyi sun kai shekara guda sukarinsu yana daidai ba magani. Amma a lura, waɗanda ciwonsu bai wuce shekara shida ba ne, ba kuma mai allura a cikinsu. Mai nau'i na biyu yana iya sa rai a rage masa allura, wani ma likita ya mai da shi kan ƙwaya. Mai nau'i na ɗaya ba zai rabu da allura ba ko ya rame kamar zare.

YADDA ZA A GYARA AKUSHI

1. A fara da abin sha. Kwalbar lemo babba tana ɗauke da sukari cokalin shayi goma ko fiye. Haka malt, da zoɓo da kunun zaƙi da shayin mai shayi. Barinsu ba ya kawo yunwa. Fura a dama ta da nono ba sukari, a sha rabin abin da aka saba, gama ita ma gero ce.

2. A rage mai kafin a rage tuwo. Awo da awo, mai ya ninka hatsi sau biyu da ɗoriya wajen sa ƙiba, rage shi kuwa ba ya faɗar da sukari farat ɗaya. A riƙa auna man gyaɗa da manja da man shanu da cokali, kada a tuttula daga kwalba. Alale ya fi ƙosai, gasasshen kifi ya fi soyayye. Waina da fanke su zama na sa'i da lokaci.

3. A raba kwano kashi huɗu. Kashi biyu ganye da kayan lambu: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kuɓewa, kabeji, tumatir, albasa. Kashi ɗaya wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse. Kashi ɗaya tuwo ko shinkafa, misalin dunƙulen hannun mai ci. Fadamun Wurno da Goronyo da bakin gulbi a Rabah suna ba da kayan lambu da rani, gulbi yana ba da kifi. A shanya ganye a inuwa a ajiye don lokacin da babu ɗanye.

4. Hatsin da ba a surfe shi ƙwarai ba ya fi. Tuwon dawa da na gero masu ɗan dusa sun fi tuwon farar shinkafa jinkirin hawar da sukari. Shinkafa in an haɗa ta da wake rabi da rabi ta fi kyau. Kada a ruɗe mu da cewa alkama da acca ba su hawar da sukari. Su ma hatsi ne, yawan malmala shi ne magana.

5. A ci a kan lokaci, sau uku, kusan awo ɗaya kowace rana. Mai allura ya sami kwanonsa dabam, gama wanda yake ci cikin taro ba ya sanin abin da ya ci.

6. Mangwaro ƙarami ɗaya, ko yankan kankana ɗaya, ko gwaba, ba laifi. Rake da zuma da dabino da yawa sai a bar su don ranar da sukari ya faɗi.

AIKI DA TAFIYA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau rabin sa'a kwana biyar. Tafiya da ɗan sauri bayan cin abinci tana da amfani ƙwarai. Matan da ba su fita suna iya zagaya tsakar gida, su yi shara da daka da jan ruwa. A sa takalmi kullum, a duba tafin ƙafa kowane dare, gama ƙaya ɗaya tana iya zama gyambo.

Sai dai aiki yana ƙone sukari kamar yadda allura take kwashe shi. Manomin da yake zaune a inuwa da bazara, in damina ta sauka ya shiga noma da huɗa, allurar da ta dace da shi dā za ta yi masa yawa. Haka mai dashen shinkafa da mai ban ruwan albasa da tafarnuwa. Ya kamata ya ga ma'aikacin lafiya kafin aikin ya kankama. Ranar aiki mai nauyi a yi allura a fatar ciki, domin in an yi a cinya ko damtse motsi yana sa ta shiga jini da sauri. Kada a tafi gona da ciki wofi, kada kuma a tafi ba sukari a aljihu. A sani kuma, sukari yana iya faɗuwa cikin dare bayan wahalar yini.

IN SUKARI YA FAƊI

Alamunsa su ne karkarwa, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, duhun gani, fushi ba dalili, da magana kamar ta mashayi. A na'urar awo, ƙasa da 70 ke nan, ko ƙasa da 3.9 a irin na'urar da take ƙirga da ƙananan lambobi.

Nan da nan a sha sukari cokalin shayi huɗu a ruwa, ko zuma babban cokali ɗaya, ko rabin kwalbar lemo. A jira minti 15. In bai warware ba a maimaita. In ya warware, lokacin abinci kuwa da saura, a ci ɗan abu kaɗan. Nan ne masu son rage jiki suke yin hasara, gama tsoro yakan sa su cinye kwano guda. In mutum ya suma kada a ɗura masa kome a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, a kai shi asibiti maza.

In sukari ya faɗi sau biyu a mako guda, mai yiwuwa allura ce ta yi yawa. Maganinsa a wurin likita yake, ba a tukunya ba. Saboda haka a sami ɗan littafi a riƙa rubuta awon safe kafin karin kumallo, da na kafin barci, da nauyi sau ɗaya a mako. Ga yawancin manya ana son awon safe tsakanin 80 da 130. Mun san 'yan takardun awo suna da tsada. In ba hali kullum, a fi ba da ƙarfi a makonnin da aka canja abinci ko aiki.

ZAFI DA AJIYAR ALLURA

Zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce awo 40 a watan Afrilu, zafi kuwa yana rage ƙarfin insulin. Wanda yake amfani da kwalbar da rana ta buga zai ga sukari ya hau, a ƙara masa awo. Ranar da ya buɗe sabuwar kwalba mai cikakken ƙarfi sai ya faɗi. Inda ba firji, a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Wannan dabara ce wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa don ajiye kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A ɗaure kwalbar cikin leda kada ruwa ya taɓa bakinta. Wadda aka buɗe a gama da ita cikin kimanin mako huɗu. Da yake rashin tsaro yakan tare hanya a gabashin jihar, kada a jira sai kwalba ta ƙare kafin a nemo wata.

AZUMI

Azumi ba hanyar rage ƙiba ba ce ga mai allura. Wanda yake da niyyar yi, ya ga likita mako shida zuwa takwas kafin lokacin, domin a sake tsarin allurar. Waɗansu likita zai ce musu kada su yi, addini kuwa ya yi wa marar lafiya rangwame. Mai azumi ya karya nan take in awo ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko ya ji alamun da muka lissafta. Da shan ruwa kuma a yi hankali da kunu mai sukari da soye-soye, gama mutane da yawa sukan fita daga azumi sun fi dā nauyi.

MAGUNGUNAN KASUWA

Shayin rage teɓa da ake talla yawancinsa zawo yake sawa, ruwan jiki yake zubarwa, kitse yana nan. Zogale da shuwaka da tafarnuwa abinci ne masu kyau, amma ba ɗayansu da zai tsaya a madadin insulin. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira "sha ka fashe" kuwa, waɗansunsu suna hawar da sukari ƙwarai, mai ciwon nan ya nisance su.

Akwai magungunan gaskiya da likita yake iya haɗawa da allura ga mai nau'i na biyu. Metformin tsohuwar ƙwaya ce mai sauƙin kuɗi wadda ba ta sa ƙiba. Akwai kuma sababbin allurai na mako-mako irin su Ozempic masu rage ci, amma suna da tsada ainun, har a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an kama na jabu a ƙasashe dabam-dabam. Kada a saya sai da takardar likita.

AIKIN IYALI DA MAƘWABTA

A wurinmu in mutum ya yi ƙiba mukan ce hutu ya karɓe shi. In mace ta rame sai a fara raɗa, ko mijinta ba ya ciyar da ita, ko tana da wata muguwar cuta. Wannan magana ta hana mutane da yawa bin shawarar likita. Mu daina. In baƙo mai ciwon sukari ya ce ya ƙoshi, kada mu matsa masa don kara. A wurin biki da suna a tanadi ruwa mai sanyi tare da lemo.

Uwargida mai riƙe da ludayi ita ce rabin magani, saboda haka a tafi da ita asibiti ta ji da kunnenta. Abincin da muka kwatanta ba na marasa lafiya kaɗai ba ne, ya dace da dukan gida. Kowa a gidan, har yara da abokan aikin gona, ya san alamun faɗuwar sukari da inda ake ajiye sukarin gaggawa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Mai allurar da igiya ta kasa zagaye cikinsa, ya ɗauki kwalbarsa da sirinjinsa da littafinsa ya tafi asibitin da ya fi kusa a makon nan, a auna nauyinsa, a shirya tafiyar tare. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.